Yadda ɗage da tsalle suka gyara gudun ɗan Yayata cikin sati 12

Ranar da ɗan Yayata ya dawo daga tantancewar aikin damara ko cikin gida bai shiga ba, bisa dakalin ƙofar gidanmu nan Ƙofar Ƙwaya na iske shi zaune bayan la'asar, kambas ɗinshi a hannu, ido ya kaɗa ya yi ja. Takardu lafiya lau, tsawo ya kai, likita bai ga komai jikinshi ba, gudu ne kawai ya kada shi, kuma wannan ne karo na biyu. Abin da ya fi ci mashi rai shi ne wata biyar ya kwashe yana gudu kusan kullum, da an sallame asuba zai miƙe hanyar Dutsin-Ma har wajen Poli ya juyo, ko ruwa ake sai ya fita. Ya ce mani, Kawu ni kam ban san abin da ya rage ba kuma, nisan zan ƙara? Na ce ba ka ƙara komai, je ka huta, jibi da safe ka same ni fil.

Ni malamin motsa jiki ne a wata sakandare, kuma ina riƙe da ɗan kulob ɗin ƙwallo na yaran unguwa, to irin yaron nan na gan su da yawa, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da muka yi tun daga farko har inda muke yanzu, har da wurin da abin ya kusa ɓaci.

Shekararshi 21, nauyinshi kilo 62, tela ne, wuni yake zaune bisa keke tun safe har magariba. Ba ya shan taba ba ya shan komai. Gudun nashi kwana shida ne a sati, nisa guda, sauri guda, kuma duk bisa kwalta. Ƙwaurinshi na ciwo tun wata na biyu, sai ya shafa man zafi ya ci gaba, don a tunaninshi ciwon alama ce tirenin na shiga jiki.

Farkon Nuwamba muka fara. Filin wata firamare muka yi amfani da shi, ƙasa ce daddaɓaɓɓiya ba yashi sosai, muka auna zagaye ɗaya da igiya ya ba mu mita 300, kaga zagaye goma kilomita 3 kenan. Na riƙe agogo ya ruga, ya ida a minti 14 da sakan 38. Ba lokacin ne ya ja hankalina ba. Abu na farko, da ya tsaya ko minti ɗaya ba a yi ba ya fara yi mani magana tiryan-tiryan, wato numfashi bai ƙare ba. Na biyu kuma ƙarar ƙafarshi, tun daga can ƙarshen fili kake jin tim tim tim kamar ana daka, kowane taku sai ya zauna bisa ƙafar kafin ya ɗauke ta, daga zagaye na shida kau ƙugu ya faɗi ƙasa, ya koma jan ƙafa. Nan na fara zargin ba ƙirji ne matsalar ba, daga gwiwa zuwa ƙasa ne.

Da ya huce na yi mashi gwaji uku waɗanda kowa na iya yi cikin gida. Na ce ya dafa bango da yatsa ɗaya, ya tsaya da ƙafa guda ya rinƙa yin ɗage yana sauka har sai ya kasa. Dama ta yi 19, hagu ta yi 11, kuma daga na takwas dunduniyar ba ta kai sama sosai. Ni ga saurayi mai son gudu abin da nike nema 25 ne kowace ƙafa. Sai na ce ya hau dakali ya sauko da ƙafa ɗaya a hankali har dunduniyar ɗayar ta taɓa ƙasa, gwiwar da ke riƙe da shi ta rinƙa karkarwa tana faɗawa ciki. Na ƙarshe na ce ya yi mani langa daga nan zuwa can, kamar mita goma. Ya yi dariya ya ce Kawu langa kuma? Na ce eh langa. Da dama ya kai da ƙyar, da hagu sau biyu yana sa ɗayar ƙafar ƙasa.

Abin ya taɓa ni wallahi, don mu da muka tashi muna langa a dandali da farin wata, mata na 'yar gala-gala da tsallen igiya, ƙafafunmu sun samu wannan horon ba tare da mun san horo ba ne. Yaron da ya tashi daga benci aji ya koma kujerar keken ɗinki, in zai je ko'ina ya hau mashin, ina ƙafarshi za ta samo shi?

Na zaunar da shi na yi mashi bayani, ga kuma yadda na faɗa mashi. Gudu ba tafiya ba ce da aka ƙara ma sauri. A tafiya ko yaushe akwai ƙafa ɗaya ƙasa, a gudu kau akwai lokacin da duka biyun ke sama, wato tsalle ne kake yi daga wannan ƙafa zuwa waccan, langa ce dai ake canza ƙafa. Duk dirar da ka yi, ƙafa guda ce ke karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyinka, shi mai kilo 62 kusan buhun masara ɗaya da rabi kenan ke sauka bisa ƙafa ɗaya, kuma cikin kamar kwatan sakan za ta karɓe shi ta mayar. In yana taku wajen 170 a minti, cikin kilomita 3 ɗin nan kowace ƙafa ta yi wannan aikin sama da sau 1,200. To ƙafar da ta kasa ɗaga mai ita sau 12 jikin bango, ya kake so ta yi?

Sai maganar agara. Agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa sha-raɓa da dunduniya, aikinta irin na danƙon harbin tsuntsu ne, in ka dira ta miƙe ta adana ƙarfin, in za ka tashi ta sake shi ya cilla ka gaba, kuma wannan ƙarfin kyauta ne, ba ya cin numfashi kamar yadda tsoka ke ci. A 1987 wasu masana a Jami'ar Leeds ta Ingila, cikinsu har da McNeill Alexander, sun lissafa cewa wajen kashi 35 cikin 100 na ƙarfin da ke juyawa a kowane takun gudu agara ce ke adana shi ta maido, lanƙwasar tafin ƙafa kuma ta riƙe wajen kashi 17. Kaga fiye da rabi kenan. Amma danƙon ba ya aiki sai tsokar da ke riƙe da shi ta ƙame da sauri, in ta yi laushi ko ka daɗe bisa ƙasa, ƙarfin sai ya zube, tsoka ta koma yin aikin da kanta tana ƙona mai. Na ce mashi kai da wanda ya wuce ka ranar nan mai yiwuwa injinku ɗaya, tankinku ɗaya, shi dai mashin ɗinshi ba ya shan mai ne kamar naka. Wannan ya gane shi nan take, don ya san abin da litar fetur ke yi ma aljihu.

Horon da ke koya ma ƙafa wannan ƙamewar shi ne ake kira filayometirik. Wani kocin Tarayyar Sobiyet mai suna Yuri Verkhoshansky ne ya yi fice da shi a shekarun 1960, yana sa 'yan wasanshi su diro daga bisa akwati su zabura sama nan take, sunan kuma wani Ba'amurke Fred Wilt ne ya yaɗa shi a 1975. Da farko masu tsalle da masu gajeren gudu ne ke yi. A 1999 aka buga wani bincike daga Finland na Leena Paavolainen da abokan aikinta, suka ɗauki ƙwararrun masu gudun nesa, suka cire kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin tirenin ɗinsu suka maye shi da tsalle-tsalle da gajeren gudu da ɗaga ƙarfe mara nauyi da sauri, sati 9. Lokacinsu na kilomita 5 ya ragu, alhali iyakar iskar da jikinsu ke iya zuƙa ya yi amfani da ita ba ta ƙaru ba, shan man ne ya ragu. A 2003 kuma a Ostareliya, Spurrs da abokan aikinshi suka gwada sati 6 na tsalle ga masu gudu, lokacin kilomita 3 ya gyaru da kashi 2.7 cikin 100. Na lissafa mashi, a nashi lokacin wannan wajen sakan 24 ne. Ya ɗan yi tsaki ya ce sakan 24 kawai? Na ce wanda ya shiga gabanka aka rufe layi, da sakan nawa ya riga ka?

Sati ukun farko ban bar shi ya yi tsallen kirki ba sam. Gudu na rage shi daga kwana shida zuwa huɗu, uku a hankali yadda zai iya hira, ɗaya da ɗan zafi, kuma na sauko da shi daga kwalta ya dawo gefen hanya da fil. Litinin da Alhamis na ware ma ƙarfin jiki, ba ƙarfe ba kwabo, nauyin jikinshi kawai da dakali da bango. Ɗage ne kan gaba, yatsu bisa bakin matakala dunduniya na reto, ya hau cikin sakan ɗaya ya sauko cikin sakan uku, 12 sau uku, da farko ƙafa biyu daga baya ƙafa ɗaya, kuma rabi gwiwa a miƙe rabi gwiwa a ɗan lanƙwashe, don in ka lanƙwasa gwiwa tsokar ciki ta sha-raɓa ce ke karɓar aikin, ita kau tana cikin waɗanda suka fi ɗaukar kaya a gudun nesa duk da ba ta fitowa a ido. Sai tsuguna-tashi a hankali, sai dogon taku ya durƙusa har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, sai hawa dakali da ƙafa ɗaya ba tare da ya tura da ta ƙasan ba, sai ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu da ƙafa guda don mazaunai da bayan cinya su farka, a ƙarshe ya kife bisa gwiwar hannu ya daskare sakan 30. Duka minti 25 ne. Tsallen igiya kaɗai na bari, sakan 30 sau huɗu, don agara ta fara sabawa.

Yaya ma sai da ta yi magana, ta ce kai da ka ce za ka koya mashi gudu, ni kullum jikin bango nike ganinshi yana ɗage kamar mai leƙen katanga. Na ce Yaya ki yi haƙuri ki ba mu wata uku, abin da nike so daga wajenki ki ƙara mashi wake da ƙwai in an samu, da fura da nono in ya dawo, kuma ki rinƙa korar shi ya kwanta da wuri, don teloli kin san halinsu da ɗinkin dare. Ciwon ƙwaurin nan kafin sati na uku ya ƙare ya lafa, ni kuma rage gudu da barin kwalta na fi ba ladan wannan.

Sati na huɗu muka shiga tsalle, kuma da dira nike ƙirgawa, duk sanda ƙafa ta taɓa ƙasa ɗaya kenan. Littattafan horo na ba ɗan koyo dira 80 zuwa 100 a zama ɗaya, da hutun kwana biyu zuwa uku kafin na gaba, ni da 60 na fara mashi saboda hagun nan. Kala uku ne. Tsalle a wuri guda da ƙafa biyu, gwiwa kusan a miƙe, idon sawu ne kawai ke aiki, kamar ƙwallon da aka cika ma iska, 10 sau biyu. Sai muka jera robobin ruwa biyar a kwance ya tsallake su ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, sau huɗu. Sai langa, biyar-biyar kowace ƙafa, sau biyu. Tsakanin kowane zubi hutun minti ɗaya zuwa biyu, ya yi tafiya ya dawo. Kuma da farkon tirenin ake yi bayan an ɗumama jiki, ba a ƙarshe ba lokacin da ƙafa ta mutu.

Kalma ɗaya na rinƙa maimaita mashi, ka ɗauka rairayin rana tsaka ne ka taka ba takalmi cikin watan Afrilu. Duk ɗan Katsina ya san yadda ƙafa ke barin irin wannan ƙasar. Tsawon tsallen bai dame ni ba, saurin barin ƙasa nike so, kuma kunnena ne alƙali, muddin ina jin tas tas tas to mu ci gaba, da na ji ta koma tim na ce ya isa ko da saura a lissafi. Wuri ma mun zaɓa, ba siminti ba don yana dukan ƙashi, ba kuma yashi mai zurfi ba don yana shanye tsallen ƙafa ta daɗe ƙasa, abin da muke gudu kenan. Na so ya rinƙa yin wasu ba takalmi amma lokacin ƙarangiya da tsidau sun cika gefen fili, sai muka haƙura.

Matsalar ita ce in ya gama ba ya jin ya yi komai. Ko zufar kirki babu. Yana ce mani Kawu shikenan? In ce shikenan. Ƙarshen sati na biyar muka sake aunawa ya yi 14 da sakan 11, ya ga abin na aiki, to daga nan ne shaiɗan ya shigo.

Ranar Talata ta sati na shida na hango shi zai shiga masallaci da asuba yana ɗingishi. Na tsare shi bayan sallah, da ƙyar ya faɗa mani gaskiya. Wai ya ga bidiyo a TikTok wasu na dirowa daga bisa akwatuna masu tsawo, sai shi da abokanshi biyu suka je wani kango da yamma suka jera bulo, suna hawa suna dirowa bisa daɓen siminti, da suka gama kuma suka yi gasar tsallen kwaɗo daga bango zuwa bango har sai da cinya ta ƙi. Kwana biyu a jere suka yi haka, Asabar da Lahadi, kuma Litinin ya zo ya yi nawa bai ce mani uffan ba, ya sha maganin kashe ciwo daga kemis ya rufe. Agarar hagu ta kumbura kaɗan kamar yatsa uku sama da dunduniya, in ka matsa sai ya zabura, kuma ya ce takun farko in ya tashi daga barci zai je alwala ne ya fi azaba.

Raina ya ɓaci amma da na zauna na ga akwai nawa laifin. Na ba shi adadi ban zauna na nuna mashi dalilin da ya sa adadin ke da kaɗan ba, shi kuma duk abin da ya sani tun firamare shi ne in ba ka wahala ba to ba ka yi tirenin ba. Tsallen kwaɗo a wajenmu horo ne na mai laifi, kuma kishiyar abin da muke nema ne, ka nutse har ƙasa, ka daɗe, ka tashi a gajiye, gwiwa na shan matsa a banza, ba abin da yake koya ma ƙafa sai nawa. Dirowa daga bisa kuma, Verkhoshansky ya tsara ta ne don 'yan wasan da suka shekara da shekaru suna ɗaga ƙarfe, ba don yaron da wata ɗaya da rabi baya ya kasa ɗage 12 ba. Sannan tsoka na saurin ƙarfi, cikin 'yan satuttuka ka ji canji, jijiya kau jininta kaɗan ne, watanni take ɗauka kafin ta kamo, to wannan tsakanin da mutum ke jin ƙarfi alhali agara ba ta shirya ba shi ne ramin da mutane ke faɗawa.

Na kai shi asibiti sashen gashi. Ma'aikaciyar ta kwantar da shi rub da ciki ta matse sha-raɓar ta ga ƙafar ta motsa, ta ce alhamdulillahi agarar ba ta tsinke ba, haushi ne ta ji. Ta yi mashi wata tambaya da nike so duk mai karanta wannan ya riƙe, ta ce ko ya sha sifro kwanan nan? Wato ciprofloxacin ɗin nan da mutane ke saye da kansu da sun ji zazzaɓi su ce taifot ne. Bai sha ba. Amma maganin da danginshi na iya raunana agara har ta tsinke, tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka buga gargaɗi mafi girma a kan haka jikin takardarsu. Duk wanda ke shan shi ko bai daɗe da gamawa ba, ya ajiye maganar tsalle ya tambayi likita tukuna.

Kwana 12 ba tsalle ko ɗaya. Kwana biyar na farko ba gudu ma, tafiya kawai, daga baya sassarfa minti 15 in ciwon bai ƙaru da safe ba, don safiya ce ma'auninmu, in takun farko ya fi na jiya zafi to jiya mun wuce gona da iri. Ɗagen bai tsaya ba sai dai ya koma ƙafa biyu a hawa, a sauko a hankali da mai ciwon, irin tsarin da likitan nan na Suwidin Håkan Alfredson ya fitar a 1998 don ciwon agara, sai dai shi nashi 180 ne a rana har sati 12 ga waɗanda ciwonsu ya daɗe, mu kaɗan daga ciki aka ce mu yi. Maganin kashe ciwon kuma na karɓe sauran, don ciwon shi ne kaɗai ke faɗa mana gaskiya.

Sati na takwas muka dawo da dira 40, na tara 60, na goma 80, biyun ƙarshe 100, har yanzu kwana biyu a sati. A na goma na ƙara abin da nike ce ma takun barewa, gudu ne amma kowane taku ka cilla kanka gaba ka ɗan rataya a sama, gwiwa a ɗage, mita 20 sau uku. Na so a ce muna da tudu, don a tudu dirar ba ta da duka sosai kuma turawar ta fi, Arthur Lydiard na New Zealand haka ya rinƙa sa masu gudunshi tsalle a hawan tudu, cikinsu har da Peter Snell da ya ci zinare a mita 800 a Rum 1960, ya kuma ci 800 da 1,500 a Tokyo 1964. Ko nan gida ba banza ba 'yan Filato, musamman wajen Pankshin, suka yi suna a gudun nesa. Mu Katsina shimfiɗe take kamar faifai, sai muka samu wata gangara inda aka taɓa haƙar jar ƙasa, hawanta bai fi taku 15 ba, ranar Alhamis ya haura da takun barewa ya sauko da tafiya, sau huɗu.

Lokacin hunturu ya kankama, shi ma ya zo da nashi. Sanyin asuba na sa agara ta ƙage, sai na tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 12 kafin tsallen farko, ranar da hazo ya yi yawa mu ɗaga zuwa bayan la'asar. Faso ya so ya ɓata mana sati guda, dunduniya ta tsage yana jin ta a kowace dira, man kaɗe da safa da dare suka yi maganinta.

Ƙarshen Janairu muka yi awo na ƙarshe, fili ɗaya, zagaye goma, da safe kamar na farko, bayan na ba shi kwana huɗu ba tsalle. Ya ida a minti 13 da sakan 31. Sakan 67 kenan ya sauka. Ɗage dama 27, hagu 24. Langar mita goma yanzu yana zuwa ya dawo da kowace ƙafa. Abin da ya fi faranta mani rai a zagaye na takwas ne, ya wuce ta gabana sai da na ɗago kai daga agogo don ban ji zuwanshi ba.

Sakan 67 ya zarce abin da aka gani a binciken Ostareliya nesa, kuma ba zan ɗora shi duka bisa tsalle ba. Waɗancan mutane ne da suka riga suka gogu, shi kau ƙafa ce da ba ta taɓa ganin horon ƙarfi ba, irin wannan ko me ka ba ta za ta karɓa. Ya daina gudu da gajiyar jiya, ya samu rana ɗaya ta gudu mai zafi wadda da ba ya yi, ga sanyin Janairu ya fi na farkon Nuwamba daɗin gudu. Amma ƙarar ƙafar da ta canza, da ƙugun da ba ya faɗuwa a zagayen ƙarshe, da hagun da ta tashi daga 11 zuwa 24, waɗannan na bango da dakali da langa ne, kuma da bai je kangon nan ba da sati biyun da muka rasa sun shiga lissafi.

Yanzu jira yake a buɗe fotal, wato shafin neman aikin. Mun rage tsallen zuwa dira 60 sau ɗaya a sati don riƙe abin da aka samu, ƙarfin jiki na nan kwana biyu, kuma hagu na samun zubi ɗaya fiye da dama har sai ta kamo ta. In azumi ya zo za mu maida komai bayan tarawi mu rage gudun, in bazara ta shigo kuma zan sake auna shi cikin zafi don ba mu san watan da za a kira su ba. Abokan nan nashi biyu na kango sun biyo shi fil satin da ya wuce, suka gaishe ni suka ce Malam mu ma a sa mu a tsallen. Na nuna masu bango na ce kowa ya dafa da yatsa ɗaya. Ɗaya ya yi 16, ɗayan ya tsaya a 9, na ce su dawo Litinin da igiya.